Neman kalma: me za mu kira injin a-kori-kura da ya ƙi juyawa bayan dogon zama?

Mai Fassara, Unguwar Rogo

Assalamu alaikum kanikawa da malaman harshe. Kalma ɗaya ake nema. A-kori-kura ta yi shekaru a ajiye, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. An zo tayar da ita, an ɗora sufana a kan kusar karanshaf, wato babban sandan ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji, inji ya ƙi ko motsi. Bature yana cewa injin ya zama "seized". A garejojin Dilimi da Farin Gada abin da aka fi ji shi ne "ya yi nokin" ko "ya kama". Bayani ake so a rubuta wa yaran gareji da Hausa, kuma ba a so a sa musu kalmar da za ta ɓatar da su. Wacce ta dace?

Bakanike, Dilimi

Wa alaikumus salam Malam. A fara cire "nokin" daga lissafi, wata cuta ce daban. Nokin na injin da ke aiki ne: baƙin mai ya ƙare ko famfon mai ya gaza, metal, wato siririn ƙarfen shimfiɗa da ke tsakanin konrod (hannun fistin) da karanshaf, ya cinye, sai a ji ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, tana ƙaruwa in an taka totur. Wannan sai an sauke inji an gurje karanshaf an sa metal mai kauri.

Motar da aka kashe lafiya lau aka ajiye ba ta yi nokin ba, tsatsa ce ta riƙe ta. Duk inda inji mai silinda huɗu ya tsaya, akwai silindar da bawul ɗinta ke buɗe, ɗaya ta wajen shaƙa, ɗaya ta wajen fitarwa. Iska mai laima tana shiga ta kafireta ko ta salansa. A nan Jos damina ta kan ɗauke mu daga Afrilu zuwa Oktoba, ga sanyin dare da ke mayar da laimar raɓa a jikin ƙarfe. Man da ke bangon silinda ya riga ya tsiyaye ƙasa, ringi ƙarfe, bango ƙarfe, sai tsatsa ta haɗa su.

Kalmar tana da nauyi a aljihun mai mota. Da ya ji "nokin" sai ya fara cinikin wani inji, ko ya sayar wa 'yan gwangwan da motar a kuɗin ƙarfe, alhali wataƙila jiƙo na mako biyu ne maganinta.

Mai Rewaya, Gangare

Oga ya yi gaskiya. "Ya kama" ma ba za ta yi ba. In yaro ya ce birki ya kama, labari mai daɗi ne. In ya ce inji ya kama, wani zai ɗauka ya tashi ne. Ni ina ganin "ya kafe".

Kuma kafin a yanke wa inji hukunci, a sa giya a furi, a cire fanbel, a kwance kik. Altaneta ko famfon ruwa da ya yi tsatsa yana iya riƙe bel ɗin, haƙorin kik kuma yana iya maƙalewa a jikin filawil. Injuna da yawa da aka ce sun mutu, daga an cire waɗannan sai su juya.

Direban Dankali, Farin Gada

Oga Rewaya, "kafe" tamu ce ta direbobi tuntuni. Mota ta kafe a laka, ta kafe a yashi, inji yana ta kuka taya tana juyawa a wuri ɗaya. Duk mai ɗauko dankali daga Bokkos da damina ya san ta. In ka ce inji ya kafe, za a tambaye ka a wace hanya. Me zai hana "ya daskare" ko "ya ƙage"?

Malamar Hausa, Tudun Wada

Sannunku da ƙoƙari. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya ta yadda baki ya saba faɗinsu.

"Daskare" ta abu mai ruwa-ruwa ce da ya yi tauri: man shanu, kitse, jini. A motar da ta daɗe a ajiye tana da wurinta, domin tsohon fetur yana bushewa ya bar danƙo a kafireta, sai a ce mai ya daskare. Ba fistin ba. "Ƙage" ta jiki ce, wuya ko ƙafa, kuma ba ta nuna cewa abu biyu ne suka riƙe juna. "Maƙale" ta abin da ya shiga inda ya kasa fita ce, ta dace da haƙorin kik ɗin da Oga Rewaya ya ambata.

Wadda na fi natsuwa da ita ita ce "cije". Muna cewa ƙofa ta cije da damina, makulli ya cije a kwaɗo, kusa ta cije ta ƙi kwantuwa. A ko'ina ma'anar ɗaya ce: abu biyu da aka yi su don ɗaya ya motsa a cikin ɗaya, sun riƙe juna gam. Kuma tana bin ƙa'ida ba tare da an tilasta mata ba: inji ya cije, cijewar inji, cijajjen inji. Kishiyarta ma a shirye take: inji ya saki.

Tsohon Bakanike, Bukuru

Malama, Allah ya ƙara basira. "Cije" ce. Amma a raba ta biyu, don yaro ya san wanda ake jiƙawa da wanda ake buɗewa. Akwai cijewar tsatsa, akwai cijewar zafi.

Cijewar zafi tana faruwa ne ana cikin tafiya. Ruwan lagireto ya ƙare, fistin na alminiyam ya fi bangon silinda saurin kumbura, ya goge ya narke a jikinsa. Wannan ko shekara ka yi kana zuba masa mai ba zai saki ba, in ma ya saki ya riga ya yi rauni. Shi ya sa tambayar farko ga mai mota ita ce: da ƙafarta ta shigo inda aka ajiye ta, ko janyo ta aka yi?

Cijewar tsatsa kuwa ga yadda ake bi da ita. Kada a haɗa batir a buga kik, ringi zai karye ko konrod ya lanƙwashe. A zaro gejin mai a duba. In man ya yi fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a shirya buɗe top, wato kan injin da ke rufe silinda. In baƙi ne kawai, a hure ƙurar da ke kewayen filogi, a cire su huɗun, a jera su yadda suka fito. Wanda bakinsa ya yi ja da tsatsa shi ne ya nuna silindar da ke da matsala. A haɗa jan man giyar otomatik da kananzir rabi da rabi, a zuba mililita 40 zuwa 50 a kowane rami, wato babban cokali uku. A mayar da filogi sako-sako don ƙura. Bayan kwana uku a gwada, a ƙara mai, a sake barinsa. Mako biyu ba su yi yawa ba.

Gwajin ba da ƙarfi ake yi ba. Gaba kaɗan, baya kaɗan. Wanda ya zura dogon bututu a sufana ya hau kai da nauyinsa, kusar karanshaf zai karya. In tayoyi sun sha iska, a sa giya ta huɗu, mutum biyu su riƙa girgiza motar gaba da baya a hankali. Ranar da pulin karanshaf ya motsa ko da faɗin yatsa ne, an ci rabin aiki: a ƙara mai, a riƙa faɗaɗa motsin.

Kafin a zagaya shi gaba ɗaya a buɗe murfin bawul. Bawul ma yana cijewa a gidansa. A ɗiga mai, a ɗan buga kan kowanne da katako, a ga ya sauka ya dawo. Wanda ya sauka ya ƙi dawowa, in aka tilasta, zai lanƙwasa fushrod ko ya yi karo da fistin. Sai inji ya yi zagaye biyu cikakku da hannu ba tare da tsayawa ba, sannan a ce ya saki.

Masu Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ku ji wannan da kyau. Silindarta silib ce mai cirewa, ruwa yana kewaye da ita, top ne yake danne ta. In an cire top aka juya karanshaf ba a ɗaure silib da washa da kusa ba, cijajjen fistin zai ɗago silib ɗin tare da shi, abin da ya toshe gindinsa ya lalace, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Amma tana da ranarta: in tsatsar ta ci bango ta yi ramuka, silib da fistin da ringi kawai za a canza, ba sai an kai bulok wurin borin ba.

Yaron Gareji, Katako

Baba, in Hilux ce mai shan gas fa, ba filogi? Kuma kuloci da ya ƙi rabuwa da filawil, shi ma cijewa za mu ce?

Tsohon Bakanike, Bukuru

Ta ramin hita mai ɗumama silinda ko na nozul mai fesa gas za ka zuba, ɗana. Amma ka fitar da man tas kafin ka mayar da su. Ɗakin ƙonewar injin gas ƙarami ne ƙwarai, ruwa kuma ba ya matsuwa, ɗan abin da ya rage ya isa ya lanƙwasa konrod. Sannan injunan 2L da 3L da 5L bel ne ke riƙe musu taimin. Bel ɗin da ya yi shekaru a lanƙwashe a wuri ɗaya a canza shi kafin a tayar, in ya tsinke fistin zai doki bawul. Tambayar kuloci kuma ta Malama ce.

Malamar Hausa, Tudun Wada

Kuloci fuska ce a kan fuska, ba abu a cikin abu ba, don haka "ya manne" ta fi. Haka takalmin birki da ya liƙe a jikin duram. Amma fistin ɗin birki da ya ƙi fitowa daga gidansa, wannan ya cije.

Bakanike, Dilimi

Na karɓi "cije". A cikin bayanin a ƙara abin da ke biyo bayan saki, don nan ake yawan ɓarna. A zubar da tsohon mai, kananzir ɗin jiƙo ya riga ya gangara cikinsa. Sabuwar filta, sabon mai 20W-50, 504 tana cin wajen lita 4. A bar ramukan filogi a buɗe, a rufe su da tsumma, a cire wayar kwayil, a buga kik na daƙiƙa goma-goma har fitilar mai ta mutu. Fetur kuma daga galan daban, ba daga tanki ba, sai an sauke tankin an wanke. A goge kwantak, a saita shi milimita 0.4. In ya tashi zai yi hayaƙi na ɗan lokaci, man jiƙo ne ke ƙonewa. In ya yi zafi sosai hayaƙin shuɗi bai ragu ba, ringi ne suka cije a cikin ramukan fistin, kuma awon kwamfureshan zai nuna silindar da ta gaza.

Mai Fassara, Unguwar Rogo

Na gode iyayena. Ga abin da zai shiga rubutun: cijewar inji, iri biyu, ta tsatsa da ta zafi, inji ya saki, kuloci ya manne, kik ya maƙale, nokin ya tsaya a kan metal. Saura kalmar fitar da iska daga layin birki, wadda ake cewa "bilidin". Wa ke da shawara?

Direban Dankali, Farin Gada

Wannan a buɗe mata zare nata, Malam. Amma a rubuta da manyan baƙi cewa motar ba za ta hau titi ba sai an canza man birki gaba ɗaya da tiyoyin roba, don man birki yana shan laima yana cin fistin daga ciki. A duba lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Duk mai gangara Hawan Kibo da lodi ya san ba a gwada tsohon birki a can.