Neman shawara: an sayar da hannun jarin mahaifinmu bayan rasuwarsa

'Yar Fari:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Don Allah shawara nake nema, kwana biyun nan ko barcin kirki ba na samu.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin gwamnati ne. Da ya yi ritaya sai ya ɗebi kaso mai tsoka daga kuɗin sallamarsa ya sayi hannun jari. Lokacin nan ne na 2007 da bankuna ke ta talla a rediyo, har 'yan Kwari da 'yan Singa ana layin cike fom. Ya sayi na bankuna biyu da na kamfanin simintin Sakkwato. Ta hannun amininsa ya saya, wanda muke kira Baba Alhaji, shi ne wakilin wani kamfanin dillancin hannun jari na Legas a nan garin. Tare suka yi firamare. Da ciwon ƙoda ya kwantar da Baba, shi yake zuwa da motarsa tun asuba ya kai shi wankin ƙoda, ya zauna a benci har a gama. Akwai ranar da kuɗinmu suka yanke, shi ya biya bai faɗa wa kowa ba, sai a bakin ma'aikaciyar jinya muka ji. Shi ya tsaya a kan wanka da jana'iza, shi ya karɓi auren ƙanina. Na kawo wannan ne don ku san irin mutumin da ake magana a kai.

Mu tara ne, ɗaki biyu, ni ce babba. Da aka zo rabon gado malamin da ya raba ya ce a jingine maganar hannun jari sai an san darajarsu. Takardun suna cikin akwatin ƙarfen Baba, a wata ledar da ya ɗaure da kyauro, har da 'yar takardar da ya rubuta lambobi da jan biro. Yanzu auren autarmu ya taso, na ce a sayar a raba a yi mata kayan ɗaki. Baba Alhaji ya ce ai kasuwa ta faɗi tun 2008, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Sai wani da muke koyarwa tare ya ce min bankunan nan biyu suna nan da ransu, duk shekara suna raba riba. Na matsa, da ƙyar aka turo min bayanin asusun ta WhatsApp, hoto ne ma, gefensa a yanke. Na bankunan an rubuta an sayar. Na siminti babu shi kwata-kwata. Abin da ya tsinka min zuciya, kwanan watan sayarwar watanni ne bayan mun binne Baba. Kuma ko sisi bai shigo hannun ɗayanmu ba. Na yi ta kiran ofishinsu na Legas, kullum manaja yana mitin.

'Yan ɗakin Umma, abokiyar zaman mahaifiyata, sun fara yi min wani irin kallo kamar ni na ci. Ya zan yi?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, dukiyar marayu fa! Allah ya jiƙan Baba, ya bi muku haƙƙinku.

Tsohon Ɗan Rijistara:
Malama, Allah ya jiƙan mahaifinku. Na daɗe ina aiki a kamfanin rijistara, wato masu riƙe wa kamfanoni sunayen masu hannun jarinsu, kafin in yi ritaya, don haka ki saurare ni da kyau. Mamaci ba ya ba da umarnin sayarwa. Dillali ba shi da ikon taɓa ko ƙwaya ɗaya sai da rubutaccen umarnin mai asusu, idan kuwa ya rasu to sai magada sun kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na babbar kotu. Kun taɓa karɓar wannan takardar? In ba ku karɓa ba, to wani ya sa hannu a madadin wanda ke kabari, kuma wannan laifi ne.

Ki daina kiran waya. Hannun jarin ba a aljihun dillali yake ba, yana ajiye ne a CSCS, kamfanin da ke riƙe da rijistar cinikin kasuwar tun 1997. Kowane mai jari yana da lambarsa da ake kira CHN, ina kyautata zaton tana cikin lambobin jan biron nan. Da ita za a ciro cikakken bayani daga CSCS ɗin kansu: ranar da aka sayar, guda nawa, a kan nawa, ta hannun wane dillali. Hoton WhatsApp ba hujja ba ne. Sannan ki rubuta wa kamfanin takardar ƙorafi, a buga hatimin karɓa a kan kwafinki. Ki nemi abu biyu: kwafin umarnin sayarwar, da lambar asusun bankin da kuɗin suka faɗa. A tsarin ƙorafi da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta fitar a 2015, kwana goma na aiki aka ba su su warware. In sun yi shiru ki kai wa sashen sa ido na kasuwar hannun jari ta NGX, daga nan SEC, suna da ofishi a Kano. Bayan su akwai kotun musamman ta harkar zuba jari, wadda doka ta ce ta gama shari'a cikin wata uku da fara sauraro.

Maganar siminti kuma kar ki haɗa ta da sauran tukuna. Kamfanin Sakkwato, wato CCNN, an haɗe shi da Obu Cement suka zama BUA Cement, aka jera sabon sunan a kasuwa a Janairun 2020. Mai yiwuwa jarin yana nan da sabon suna, ko kuma satifiket ɗin takarda ne da ba a taɓa shigar da shi CSCS ba. Rijistaran kamfanin ne zai faɗa miki.

Ɗan Kwari:
Alhaji duk wannan dogon turanci ne. 'Yar uwa ki tafi EFCC kai tsaye, in ya kwana biyu a can da bakinsa zai faɗi inda kuɗin suke. Ni nan shagona guda na sayar a 2007 na zuba, wani dillali ya yi ta yi min daɗin baki har ya sa na ci bashin banki na ƙara a kai. Kasuwa ta rushe, jari ya tafi, bashi ya tsaya yana haihuwa. Sai da na sayar da filina na Hotoro. Shi kuwa yana nan yana hawan manyan motoci, in mun haɗu a ɗaurin aure har hannu yake miƙo min. Babu wanda ya taɓa ce masa don me.

'Yar Fari:
Na gode ƙwarai Alhaji. Ba mu karɓi wata takarda daga kotu ba, malami ne ya raba mana a gida. Amma Ɗan Kwari don Allah a bar maganar EFCC. Ni ban ce Baba Alhaji ne ya ci ba. Shi wakili ne kawai, komai daga Legas ake yi. Mutumin da ya biya wa Baba kuɗin asibiti a ɓoye ne zai zo ya ci nasa?

Tsohon Ɗan Rijistara:
Ban ce shi ne ba, amma ki amsa min: layin wayar marigayi yana hannun wa? Duk cinikin da aka yi a asusu ana tura alat a lambar da ke rijista. Kuma tun 2016 akwai tsarin da kuɗin sayarwa ke faɗawa kai tsaye asusun bankin mai jari ba tare da sun bi ta hannun dillali ba, idan an shigar da asusun cikin tsarin. To ko dai ba a shigar ba, ko an canza lambar asusun. Kuma kin taɓa sa hannu a wata takarda?

'Yar Fari:
Wayar bayan sadakar bakwai Baba Alhaji ya karɓa, ya ce masu bin bashi da waɗanda ake bi za su riƙa kira, gara ta zauna wajen babba. Kuma gaskiya ya yi, shi ya karɓo mana bashi har wajen mutum biyu. Takarda kuma akwai fom da ya kawo ni da ƙanina muka sa hannu, ya ce na neman ribar da ta taru ne, zai cike sauran a ofis. Lokacin muna cikin zaman makoki, wa zai tsaya karanta fom a gaban aminin ubansa? Ko ku ne haka za ku yi.

Lauyan Unguwa:
Hajiya, wannan fom ɗin shi ne abin da ya fi damuna, domin in ta ɓaci sa hannunki za a fara nunawa, kuma 'yan uba za su ce da ke aka haɗa baki. Ina ganin kafin takardar ƙorafin da Alhaji ya ce, ku fara neman takardar kotu. Yanzu a idon CSCS da rijistara ke ba kowa ba ce a wannan asusun, ba za su ba ki bayanin wani ba don kin ce ke 'yarsa ce. Ku zaɓi mutum biyu, ɗaya daga kowane ɗaki, a yi da sunansu.

Tsohon Ɗan Rijistara:
Barista, takardar kotu wata nawa take ɗauka, ga kuɗin da ake yanka bisa darajar dukiya? Ta shigar da ƙorafi yanzu da takardar shaidar rasuwa, a san an farga, a hana taɓa abin da ya rage. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Kuma kar a ɗauka talaka kawai ake yi wa. Tsohon shugaban Ecobank, Arnold Ekpe, da kansa ya kai ƙorafi a kan kamfanin dillancin hannun jari na Partnership cewa an sayar da jarinsa na sama da naira biliyan ɗaya ba a ba shi kuɗin ba, a 2017 SEC ta haramta wa shugaban kamfanin harkar kasuwar har abada. A 2015 ta dakatar da kamfanonin harkar zuba jari na BGL saboda ƙorafin masu jari. Duk da rubutaccen ƙorafi aka fara. Waɗanda suke yin shiru su ne suke sa ɓarayin nan ƙara ƙarfi.

Ɗan Kwari:
To an haramta masa, kuɗin mutane fa? Mu abin da muke tambaya ke nan.

Tsohon Ɗan Rijistara:
Akwai asusun kare masu zuba jari na kasuwar, yana biyan wanda dillali ya ci amanarsa, sai dai yana da iyaka. A 2015 naira dubu 400 ne mafi yawan abin da mutum ɗaya ke samu. Shi ya sa nake cewa a yi sauri tun kamfanin yana da abin da za a kama.

Malam Na Zariya:
Ni ta wani ɓangaren zan duba. Jarin bankin da ke mu'amala da ruwa, malamai da yawa suna da magana a kansa. Ko an dawo da kuɗin sai kun tambayi yadda za a tsarkake su kafin a raba. Sannan ku tura dattawa biyu su same shi a gida cikin sirri, wataƙila wata larura ce ta kama shi ya taɓa da niyyar mayarwa. Rufin asiri ya fi.

Maman Biyu:
Malam rufin asirin wa? Haka aka yi mana da maigidana ya rasu, ƙaninsa ya riƙe takardun gida da na fansho, duk wanda na kai wa kuka sai ya ce ki yi haƙuri ki duba zumunci. Yara suka bar makarantar kuɗi, ni na koma sayar da awara a ƙofar gida. Har yau dattawan suna kan sasantawa. 'Yar uwa ki sa sunan kamfanin da hoton takardar a Facebook, ki je gidan rediyo, kunya kawai suke tsoro.

Lauyan Unguwa:
Kar ki kuskura. Da hoton da aka yanke gefensa za ki kira mutum ɓarawo a bainar jama'a? Da dokar laifukan intanet ta 2015 an tsare mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Ki bari hujja ta zo hannu.

'Yar Fari:
Na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Ni dai ba zan iya rubuta takardar da sunan Baba Alhaji zai fito a ciki ba, mahaifiyata ma ba za ta yarda ba, matarsa ƙawarta ce tun suna amare. Jiya na je gaishe shi, ya ce in ƙara haƙuri zai je Legas da kansa bayan sallah ya bincika, har idonsa ya kawo ruwa. Kuma ba na son 'yan ɗakin Umma su ji maganar fom ɗin nan yanzu, wata fitinar ce. Babu yadda za a yi a kai ƙarar kamfanin kawai ba tare da an taɓa shi ba?

Tsohon Ɗan Rijistara:
Babu. Ranar da aka tambayi kamfanin wa ya kawo umarnin sayarwa, suna za su faɗa. In ba shi da hannu, takardar ce za ta wanke shi. Ki karɓo layin wayar nan tukuna, ki duba ledar ki ga ko lambar CHN tana ciki.

'Yar Fari:
Ledar ma tana wajen Baba Alhaji, ya karɓa zai tafi da ita Legas. Amma na ɗauki hoton wasu daga ciki. Bikin saura 'yan makonni, ko akwai wanda ya san inda ake ba da kayan ɗaki a biya a hankali?