Taimakekeniyar lafiya a Kebbi: wa za mu yarda da shi?

Ɗan Argungu: Salamu alaikum. Ja-in-ja kan KECHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kebbi, ya yi zafi. Masu goyon baya na cewa 'yan adawa ba sa son talaka ya samu magani, su kuma suna cewa hanyar cin kuɗin ma'aikata ce aka buɗe. Ta yaya za mu gane mai gaskiya?

Malama daga Jega: Wa alaikumus salam. Malam, niyya Allah kaɗai ya san ta, mu bi sawun kuɗin. Dokar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Asusun kiwon lafiya a matakin farko (BHCPF), na dokar lafiya ta 2014, yana samun aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kusan rabinsa na biya wa marasa galihu kuɗin inshorar. Asibitin da ka zaɓa ana biyansa kowane wata bisa yawan masu rajista, ko sun zo ko ba su zo ba. In kuɗin ya makara, magani ya yanke, sai a tura mara lafiya kemis. Nan zargi ke farawa.

Alhaji na Yauri: Hakane, Malama. Mai adawa da cire kuɗi daga albashi ba maƙiyin talaka ba ne. A tambayi kowane ɓangare: gwamnati ta zuba nata kason? Wane wata aka biya asibitoci na ƙarshe?

Ɗan Zuru: Ku ƙara da lambar izini, wadda hukumar inshora ke bayarwa kafin a tura mara lafiya babban asibiti. In ta yi jinkiri wajen tura mara lafiya babban asibiti, tiyata ma sai ta jira.