Masauki da abinci a Faris: wanda ya je ya ba mu labari

Maman Khalifa, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Biza ta fito, alhamdu lillahi. In Allah ya kai mu watan Yuni za mu je Faris, ni da Hajiyarmu da ɗana mai shekara tara. Otal ɗin da muka sa a takardar neman biza irin wanda ake iya sokewa ne, yanzu na ainihin nake nema. Matsalata biyu. Hajiya gwiwa na damunta, hawa bene wahala ne gare ta. Sannan ita in ba tuwo ko shinkafa da miya ta ci ba, to a wurinta ba ta ci abinci ba ranar. Na duba kusa da Hasumiyar Eiffel, kuɗin ya sa na rufe wayar. Don Allah wanda ya taɓa zuwa, ya kwana, ya ci da bakinsa, shi nake so ya yi magana.

Ɗan Damagaram

Wa alaikumus salam Anti. Karatu ya zaunar da ni can, bari in fara da abin da zai hana a cuce ki. Faris gunduma 20 ce, lambobin suna farawa daga tsakiyar gari suna zagayawa waje. Duk otal ɗin da kika gani, dubi lambar gidan waya a adireshinsa. In ta fara da 75, cikin gari yake, kuma lambobi biyun ƙarshe su ne gundumar: 75018 gunduma ta 18 ke nan. In kika ga 92 ko 93 ko 94, bayan gari ne, ko da sun rubuta Faris da manyan baƙaƙe a sunan otal ɗin. Ba laifi ba ne zama can, amma ki san abin da kika biya.

Kusa da hasumiyar nan kuwa ki cire shi daga ranki. Awa biyu za ku yi ku gama kallonta, amma cin abinci sau uku ne kullum, kuma unguwar ba ta da abin da Hajiya za ta sa a baki sai da tsada.

Inda cikinmu yake shi ne Château Rouge, a gunduma ta 18, kan layi na 4 na metiro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, tasha biyu daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Gare du Nord. Kina fitowa daga ramin jirgin za ki faɗa kasuwar titin Dejean. Kuɓewa ɗanya, attaruhu, doya, manja, busasshen kifi, garin rogo, goro a cikin ganyensa, duk akwai. Mahautan wurin galibi Larabawan Arewacin Afirka ne, naman halal ne, in kin ce a sare miki ƙashi za su sare. In kina neman kuka a shagon 'yan Senegal ki ce lalo, daddawa kuma sumbala a wajen 'yan Mali. Kada ki je ranar Litinin, yawancin masu kifi da nama hutu suke. Ni da zan ba da shawara, ku sauka nan kusa kawai.

Hajiya ta Kwari

Ɗana ɗan Damagaram, duk abin da ka faɗa a kan kasuwar gaskiya ne, amma zancen kwana a can ban yarda ba. Kai saurayi ne mai jaka ɗaya a baya. Ita tsohuwa za ta ja da yaro.

Ni sari ke kai ni, kuma na taɓa kwana a wani ƙaramin otal tsakanin Barbès da Château Rouge saboda arha. Ƙanwata, ɗakin nan in na buɗe akwatina a ƙasa sai na tsallake shi zan shiga banɗaki. Sun rubuta akwai lif, da gaske akwai, amma mutum biyu yake ɗauka in sun matsu, akwati sai dai ya hau shi kaɗai ke ki bi matakala ki tare shi a sama. Da yamma titin nan kamar Kwari ana gobe salla, ga masu tallar sigari a bakin tasha, ga 'yan sanda na korar masu kasa kaya a ƙasa, sai ki ga kowa ya naɗe tabarmar hajarsa ya ruga. Ba wanda ya taɓa ni, amma jakata a gaba nake rungume da ita, kuma har ƙarfe ɗayan dare ana hayaniya a ƙarƙashin taga.

Ki je can ki yi cefane da safe, ki koma inda za ki yi barci. Abin da nake yi yanzu, ina kama irin masaukin nan mai ɗan kicin a ciki, da murhun lantarki da firji da tukunya biyu. Ya ɗan fi otal kuɗi a kwana, amma abin da kike ragewa a abinci ya biya bambancin har da riba. Ku uku in kuka zauna a gidan abinci sau biyu a rana, kafin mako ya zagayo kin cinye kuɗin tsaraba. Kuma kafin ki biya, ki rubuta musu ki tambaya ƙarara: hawa na nawa ne, akwai lif, kuma lif ɗin yana kaiwa har hawan? Tsofaffin gine-ginen garin da yawa hawa shida ne babu lif ko ɗaya.

Ɗan Damagaram

Na karɓi gyara, Hajiya. Na manta da gwiwar.

Injiniya, Kaduna

Tunda an zo maganar gwiwa, ga abin da ba a faɗa wa mutane. Metiro na Faris matakala ce zalla. Wata tashar in za ki canza layi sai kin sauka, kin hau, kin yi tafiyar da ta isa ki kai inda za ki a ƙasa. Layi na 14 ne ke da lif a kowace tasha. Saboda haka ni da na je da mahaifina, wajen Bercy muka sauka, a gunduma ta 12, kusa da Gare de Lyon. Gine-ginen wurin sababbi ne, lif ɗin na mutane ne, kuma akwai irin masaukin da Hajiya ta ambata. Unguwar ba ta da wani armashi, gaskiya, da dare shiru take. Amma daga nan layi na 14 zai sauke ku Châtelet, a tsakiyar gari, cikin 'yan mintoci, kuma tun Yunin 2024 ya kai har filin jirgin Orly. Sauran wurare bas muka riƙa hawa. Ya fi jinkiri, amma taku ɗaya ne ka shiga, kuma tsoho yana kallon gari ta taga.

Daga filin jirgin Charles de Gaulle, da tsohuwa da akwatuna, kada ki wahalar da kanki da jirgin RER B. Ki ɗauki tasi. Kuɗinsa ƙayyadadde ne, a 2024 yuro 56 zuwa ɓangaren arewacin kogin Seine, 65 zuwa kudancinsa. Ki bi alamar tasi har waje inda ake layi. Duk wanda ya tare ki a cikin zaure yana ce miki tasi, ko baƙar fata ne ɗan'uwa yana miki murmushi, ki wuce.

Tikiti kuma: a 2025 tafiya ɗaya a metiro yuro 2.50 ce, yaron da bai kai goma ba rabin kuɗi. Akwai katin Navigo na mako, amma makonsa daga Litinin zuwa Lahadi ne, ba daga ranar da kika saya ba. In ranar Alhamis kuka sauka, lissafa da kyau kafin ki saya. Ana liƙa hoto a jiki, ki taho da ƙananan hotunan fasfo.

Abu uku na ƙarshe. Akwai harajin kwana da ake karɓa a kan kowane baligi, wani lokaci a teburin karɓar baƙi ake biya, ba zamba ba ce. Otal da yawa ba su da na'urar sanyaya ɗaki, kuma ƙarshen Yuni ɗakin da ke ƙarƙashin rufi yakan yi zafin da ɗan Kano ma zai yi gumi. Sannan ki sa buta a akwati. Ba wasa nake ba. Mu robar ruwa muka yanke.

'Yar Maradi

Yaya Maman Khalifa, ni maganar ciki zan yi. Tuwon Hajiya ba abin damuwa ba ne. Kowane babban kanti, ko Monoprix ko Carrefour ko Franprix, akwai garin da aka rubuta wa semoule fine. Shi nake tuƙawa, yana yin tuwo sumul. Muciya kawai za ki taho da ita, don cokulan katakonsu ba sa jure tuƙi.

Ranar da kika gaji da girki, ki nemi gidan abincin 'yan Senegal ko 'yan Mali, suna da yawa a Château Rouge da titunan Goutte d'Or. Ki ce a ba Hajiya mafe, shinkafa ce da miyar gyaɗa da nama, ba za ta ce baƙon abu ba ne. Akwai yasa, kaza da albasa da lemon tsami, akwai ceb, dafa-dukan shinkafa da kifi. Faranti ɗaya ya ishe ki da yaro. Mafi arha da na taɓa ci a gidajen ma'aikatan Mali ne a Montreuil, can bayan gari, inda mata ke dafawa a manyan tukwane ana zuba wa mutum da 'yan yuro kaɗan. Amma wannan sai da ɗan gari, ba wurin da baƙuwa za ta kutsa kai da kanta ba ne, kuma an rufe wasu.

Mu na Nijar lissafin yana mana sauƙi tunda yuro ɗaya sefa 656 ce ba ta motsi. Ku masu naira, shawarata kada ki riƙa juya kowane farashi a waya, za ki kwana da yunwa.

Wani abu kuma, ban san ko Hajiya na sa niƙabi ba. Tun 2011 doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a a Faransa, tarar tana kaiwa yuro 150. Hijabi da mayafi ba wanda zai hana ki a titi ko kasuwa ko jirgi.

Malam Ɗanborno

Allah ya saka wa kowa. Ni abin da zan ƙara, a yi hattara da gidajen abincin Faransawa na bakin titi. Ba a ce kar a shiga ba, amma a haddace kalmomin nan: porc, jambon, lardons, saucisson. Duk alade ne. Vin kuma giya ce, suna zuba ta a miyar nama. Na taɓa cewa a kawo mini ganye kawai don in tsira, sai ga kwano ya zo an barbaɗa wasu 'yan jajayen gutsattsari a kai, ashe su ne lardons ɗin. Tun daga nan kifi nake ce musu, in tambayi abin da ke cikin miyar. Alewar yara mai danƙo ma a duba bayanta, yawanci da gelatine ta alade ake yi.

Su kuma suna da lokacin cin abinci. Bayan biyu da rabi na rana kicin ya rufe, sai wajen bakwai na yamma. In yunwa ta kama ku a tsakani, masu kebab ne za su cece ku, suna ko'ina, galibinsu da tambarin halal a gilashi. Ruwan sha ba sai kin saya ba, ki ce carafe d'eau, za a kawo na famfo kyauta.

Lallai ku kai Hajiya Babban Masallacin Faris, a gunduma ta 5, daura da lambun Jardin des Plantes. An buɗe shi a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu wa Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Akwai lambu a ciki, a gefe kuma gidan abinci da wurin shan shayi. Kuskus da naman rago na ci, sai shayin na'ana'a a ɗan ƙaramin kofin gilashi, tsuntsaye na sauka kan tebur suna tsintar burbushin alkaki. Ranar Juma'a a je da wuri. Kuma ku shirya wa lokutan salla na Yuni: magariba sai wajen goma na dare, isha'i dab da sha biyu. Tsofaffi abin yana rikita su, a sa mata a waya.

Baban Ilham

Ba wanda ya ambaci Passage Brady. Wani ɗan lungu ne mai rufin gilashi a gunduma ta 10, kusa da tashar Château d'Eau, layi na 4 dai. Gidajen abincin 'yan Pakistan da Indiya ne a jere, biryani mai yaji da arha, yarana shi suka fi so. A tambaya ko halal ne kafin a zauna, don ba duka ba. Kuna fitowa tashar samari za su yanyame ku suna kiran ku kitso, ba faɗa ba ne, shagunan gyaran gashi suke wa talla.

Sai gargaɗi. Kada ki ce za ki yi wa Hajiya guzurin kilishi ko dambun nama. Doka ta hana shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga waje. A gabana aka zazzage kilishin da na sayo da kuɗi mai yawa a kwandon shara, ban ma ɗanɗana ba. Yaji da garin kunu dai na wuce da su lafiya.

Hajiya ta Kwari

Baban Ilham ka taɓo inda yake mini ciwo, ni man shanu aka raba ni da shi. Ƙanwata, ƙari ɗaya: duk shagon da kika shiga, fara cewa bonjour kafin ki tambayi komai. In ba ki gaishe su ba sai su yi kamar ba su ji ki ba. Ba abin da zai gagari Bahaushiya ba ne wannan.

Maman Khalifa, Kano

Kai, Allah ya bar zumunci, na gode ƙwarai. Na samu masauki mai kicin a wajen Bercy, hawa na uku, sun tabbatar mini akwai lif. Cefane zan je Château Rouge ni kaɗai in bar Hajiya da yaro. Ɗan Damagaram, daga Bercy yaya zan yi in kai can?

Ɗan Damagaram

Layi na 14 zuwa Châtelet, Anti, sai ki canza zuwa na 4 mai zuwa Porte de Clignancourt, ki sauka Château Rouge. Ki tafi da jakar cefane mai taya, doya da manja ba sa ɗaukuwa a hannu a matakalar Châtelet. Ki riƙe tsabar kuɗi ƙanana, masu goro ba sa karɓar kati.