Okonomiyaki: wane suna za mu ba shi a Hausa?

'Yan'uwa masu sha'awar girki, tun da bidiyoyin abincin Japan suka yawaita a wayoyinmu ake ta tambayar sunan da ya dace da okonomiyaki a Hausa, kuma na lura da yawa sun yi saurin kiransa fanke. A ganina wannan suna bai dace ba, domin fanke a bakin Bahaushe abu ne mai zaƙi, na fulawa da yis da sukari, wanda ake jefawa cikin mai mai yawa har ya kumbura. Duk wanda aka ce masa ga fanken Japan zai sa ran zaƙi, alhali abincin nan na gishiri ne.

Kafin a raɗa suna, ya kamata a san abin da ake raɗa wa. A salon birnin Osaka, ana dama fulawa da romon da suke kira dashi, wanda ake yi da busasshen kifi da wani ganyen teku, a fasa ƙwai, a goga wata doya mai yauƙi da suke kira nagaimo domin ƙullun ya yi laushi, sannan a zuba kabeji da aka yanka ƙanana. Kabejin ne jigo, don a nauyi yakan ninka fulawar kusan sau uku, aikin ƙullun kuwa riƙe shi kawai. Ana shafa mai kaɗan a faffaɗan farantin ƙarfe, ko a kaskon suya idan a gida ne, a zuba haɗin da kauri, a rufe, a bar kowane gefe kamar minti biyar a matsakaiciyar wuta, kuma ba a danna shi da cokali, domin dannawa na sa shi ya yi tauri. Japanawa sukan ɗora yankakken naman alade, amma Musulmi zai musanya shi da jatan lande ko naman sa da aka yanyanka siriri, ya kuma karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar baƙar miyar da ake shafawa a sama, tunda wasu na ɗauke da giya.

Sunan na asali kalmomi biyu ne: okonomi, wato abin da ranka yake so, da yaki, wato gasawa. Wannan ya sa wasu suka kawo shawarar a ce gasa-son-ranka, a kan tsarin dafa-duka. Gaskiya sunan ya burge ni, yana da daɗi a kunne, kuma Hausa na karɓar irin wannan ginin. Matsalarsa ita ce bai gaya wa uwargida abin da za ta sayo a kasuwa ba, kuma tsire da balangu da gasasshiyar masara duk za su iya shiga ƙarƙashinsa.

Sinasir ya yi kusa ta fuskar siffa, amma sunansa ya manne da ƙullun shinkafa mai tsami. Kalallaɓa kuwa ta cika rashin kauri.

Abin da nake goyon baya shi ne wainar kabeji. Na san za a ce waina sai da tanda da shinkafar da ta kwana ta tashi, sai dai Hausawa sun daɗe da faɗaɗa kalmar: muna da wainar ƙwai, da wainar fulawa, da wainar rogo, kuma ba a buƙatar tanda a yin ko ɗaya daga cikinsu. Abin da aka saba shi ne a ambaci waina, sannan a bi ta da sunan abin da ya fi yawa a cikinta, kuma a nan kabeji ne. Inda ake gudun ruɗani sai a ƙara ta Japan.

Sauran rina a kaba shi ne salon birnin Hiroshima, inda ba a cakuɗa kayan. Can ana shimfiɗa ƙullu siriri, a tula kabeji, a ɗora nama, sannan soyayyiyar taliya da ƙwai, kowanne a hawansa. Wannan salon ya bunƙasa ne bayan yaƙin duniya na biyu da ya ƙare a 1945, lokacin da shinkafa ta yi ƙaranci, fulawar tallafi daga Amurka kuma ta samu, mutanen birnin kuwa ba sa son a ɗauki tasu a matsayin reshen ta Osaka. Saboda haka nake ba da shawarar a kira tasu wainar kabeji mai hawa-hawa, ta Osaka kuma a bar ta da gajeren sunan. Mai rubuta tsarin girki sai ya ambaci okonomiyaki sau ɗaya a farko, domin mai neman bidiyonsa a intanet ya same shi, daga nan ya ci gaba da sunan Hausa.