Me za mu kira mutanen da suka rayu kafin a fara noma?

Jama'a, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Turawa suna cewa "hunter-gatherers" idan suna nufin al'ummar da ba ta noma, ba ta kiwo, abincinta duk daga daji yake fitowa: nama, kifi, zuma, 'ya'yan itace da saiwa. Masu tonon kayan tarihi sun ce haka mutane suka rayu kafin a fara noma, kimanin shekara 12,000 da suka wuce.

Fassarar da na fi cin karo da ita ita ce "mafarauta da masu tara abinci". Ban yarda da ita ba. Da zarar Bahaushe ya ji ta, ya raba mutanen gida biyu: mafarauta maza, masu tarawa mata. Wannan rabon kuwa shi ne ainihin abin da masana ke muhawara a kai, don haka bai kamata sunan da muka zaɓa ya yanke hukunci tun kafin a saurari shaida ba.

Ga shaidar. A 2018, masanin tonon kayan tarihi Randall Haas da abokan aikinsa sun tono wani kabari mai shekara 9,000 a Wilamaya Patjxa, kan tsaunukan Peru, kusa da tafkin Titikaka. A gefen ƙasusuwan akwai kawunan mashi na dutse, wuƙa, duwatsun kankare fata da jar ƙasa, a tattare wuri ɗaya kamar a jaka aka binne su. Da farko an ɗauka wani babban mafarauci ne. Da aka gwada sinadarin da ke cikin haƙori, sai aka ga mace ce, 'yar shekara 17 zuwa 19. Suka koma kan tsofaffin rahotannin kaburbura na nahiyar Amurka, suka sami mutum 27 da aka binne da kayan farautar manyan dabbobi, 11 daga cikinsu mata. An wallafa binciken a 2020.

Ba cewa nake maza da mata sun yi farauta daidai wa daida a ko'ina ba. A cikin al'ummar Hadza ta Tanzaniya, maza ne ke bin manyan dabbobi da baka da kibiya mai dafi, mata na haƙo saiwa da sanda. To amma mazan su ma suna ɗebo zuma da 'ya'yan kuka, irin kukar da muka sani. A cikin al'ummar Agta ta Filifin kuma an ga mata suna farautar aladen daji da barewa da taimakon karnuka. Rabon aiki yana nan, sai dai kowace al'umma da inda ta ja nata layin.

Shawarata: "masu farauta da tsinto". Mutane ɗaya, aiki biyu.

Na auna wasu kalmomin kafin in tsaya a nan. "Kala" tana buƙatar gona, domin sai an girbe ake kala, su kuwa ba su da gona. "Roro" ma haka, wake da gyaɗa take kawowa a rai. "Mazauna daji" kada ma a fara, kowa ya san su wa ake nufi da ita yanzu. "Tsintuwa" sa'a ce kawai, alhali matar da ta san inda saiwa take a ƙarƙashin busasshiyar ƙasa, ta san watan da kowace bishiya ke nuna, ilimi take aiki da shi. "Tsinto" ta fi dacewa saboda wasalin ƙarshenta: a tsinta a kawo gida, a ci tare. Masanin al'ummomi Richard Lee, wanda ya zauna da masu farauta da tsinto na hamadar Kalahari a Botswana, ya tarar mafi yawan abincinsu daga tsirrai yake fitowa, don haka wannan rabin sunan ba ƙarami ba ne.

Wani zai ce haƙa saiwa ba tsinto ba ne. Gaskiya ne, amma ɗana tarko ma ba kora da karnuka ba ne, kuma duk farauta muke ce masa.

Yarinyar Peru kuwa sunanta a shirye yake: mafarauciya. Ban ce maharbiya ba, domin maharbi a wurinmu mai baka da kibiya ne, ita kuwa alamu sun nuna mashi take jifa.

Mutanen Sakkwato, Gobir da Damagaram, idan kuna da kalmar da ta haɗa tsinko, ɗiba da haƙa a baki ɗaya, ku kawo ta mu gwada a cikin jimla.