"Kano tumbin giwa": wane irin tumbi ake nufi?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya wani abokina Bakano ya cika mini kunne da kirarin garinsu: "Kano ta Dabo tumbin giwa, yaro ko da me ka zo an fi ka." Na ce masa me ya sa tumbi, ba haure ko ƙafa ba? Ya ce shi dai haka ya taso ya ji. Masana, ku warware mana.

Jikan Kurmi:
Wa'alaikumus salam. Ai wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Giwa ce babbar dabbar dawa, cikinta kuwa babu abin da ba ya ɗauka: ciyawa, ganye, ɓawon itace, saiwa, 'ya'yan itatuwa. Haka Kano take. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kasuwar Kurmi ke ci. Yau ga Kantin Kwari, ga Dawanau. Duk abin da ka nema ka samu, duk abin da ka kawo ya shige.

Malamar Hausa:
Gyara kaɗan, ɗan'uwa Ɗan Zango: nan zauren karin magana ne, abin da ka kawo kuwa kirari ne, ba karin magana ba. Amma tunda mutane sun mai da shi abin bugawa da misali, har a ce da kantin da ya cika "tumbin giwa", to a bar shi ya zauna a nan.

Mai Fawa:
Ni dai shekarata ta kai talatin ina feɗe dabba, kuma abin da muke kira tumbi na saniya ne da tunkiya da akuya. In ka buɗe cikin sa, ɗaki huɗu za ka tarar. Na farko ƙato, cikinsa kamar tawul. Na biyu kamar saƙar zuma. Na uku shafi-shafi kamar littafi, shi ne mai wahalar wanki. Na huɗu sumul. Giwa kam ban taɓa feɗewa ba, amma in na saniya ya kai haka, ai na giwa sai a shiga da fitila.

Likitan Dabbobi:
Baba Mai Fawa, a nan ne zancen ya yi daɗi, domin giwa ba ta da wannan tumbin naku. Cikinta ɗaki ɗaya ne tak, irin na doki da jaki.

Ga yadda abin yake. Babu dabbar da ruwan cikinta kaɗai ke iya narkar da zaren ciyawa. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke tsima ciyawar, kamar yadda kalwa ke ruɓa ta zama daddawa, sai dabbar ta sha moriyar abin da suka fitar. Bambancin shi ne inda aka ajiye tukunyar tsimin. Saniya ta ajiye tata a gaba, wato wancan ɗaki mai kama da tawul, wanda a babbar saniya yakan ɗauki fiye da lita 100. Ta haɗiye ciyawa da gaggawa, in ta kwanta ta dawo da ita baki ta yi tuƙa, ta sake haɗiyewa, iskar tsimin kuma ta fita ta gyatsa. Ranar da iskar nan ta kasa fita, shi ne kumburin cikin da ke kashe dabba cikin 'yan sa'o'i. Daga ƙarshe har su kansu ƙananan halittun sai su gangara ɗaki na huɗu ta narkar da su, su zame mata abincin gina jiki.

Giwa kuwa a baya ta ajiye tata tukunyar, a babban hanji da wata jaka da ke mahaɗarsa da ƙaramin hanji. Abinci ya riga ya wuce inda aka fi tsotse amfaninsa kafin a fara tsima shi, kuma ba ya daɗewa. Shi ya sa ba ta narkar da ko rabin abin da ta ci. Sai ta rama da yawa: babba takan ci kilo 150 a rana, kusan wuni da kwana tana kiwo. Wanda ya taɓa zuwa Yankari ya duba kashinta, zare ne zalla, har da ƙwallon 'ya'yan itace lafiya lau, wanda yakan tsiro a inda ta yar da shi.

Ɗan Zango:
Allahu akbar! To ashe kirarin zagi ne a fakaice? A ci da yawa, a amfana da kaɗan?

Jikan Kurmi:
Kai, kama bakinka! Ai likita ƙara mana ƙarfi ya yi. Hatsin da ke shiga Dawanau, Kanawa ne ke cinye shi duka? Shigowa yake ya wuce Nijar, ya wuce kudu. Giwa ta ci a nan ta shuka a can. Wannan ai shi ne fatauci.

Hajiya Mai Kiwo:
Ni kuma ina ganin ta fuskar mutane Kano saniya ce, ba giwa ba. Dubi Ayagi, dubi Tudun Nufawa, dubi Zangon Barebari da Agadasawa. Sunan unguwa kaɗai ya rage yana faɗin asali, jikokin kuwa Hausa suke yi tsantsa. Baƙo ya shigo, an yi tuƙa da shi a hankali, ya narke ya zama Bakano. Ba haka nan yake fita ba.

Malamar Hausa:
Hajiya, fassararki ta burge ni, sai dai ina jin mun ɗora wa kirarin kayan da ba nasa ba. Marokin da ya fara faɗinsa girma ya gani da yalwa, bai feɗe giwa ya ƙirga ɗakuna ba. A bakin Bahaushe tumbi ciki ne kawai, har mutum ana ce masa mai tumbi.

Likitan Dabbobi:
Haka ne, Malama. Kuma in babban hanjin ake nufi, bai yi ƙarya ba, don nan ne kayan ke jibge. Ƙari kaɗan saboda Baba: raƙumi yana tuƙa amma ɗakinsa uku ne. Dorina kuma a gaba take tsimi kamar saniya, amma ba ta tuƙa ko kaɗan.

Mai Fawa:
Na raƙumi na shaida, likita, mai shafi-shafin nan ne babu. Na sha feɗe shi ina neman abin, na ɗauka yaran shago ne ke sacewa.