Rataya zane a ɗakin baje kolin jami'a

Masu shirya baje kolin zane sun fi tsayawa a kan yanayi, musamman a gari irin Zariya. Da hunturu iska kan bushe har katakon firam ya tsage, fenti ya fara ɓarewa. Da damina kuma takarda ta yi fumfuna. Shawararsu ita ce a riƙe laimar ɗaki tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, kada a jingina aikin zane da bangon da ruwa ke ratsawa, a kuma duba bayan kowane firam saboda gara.

Haske ma ɓarna yake yi. Zanen takarda da yadin rini kada hasken da ke kansu ya wuce lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), zanen fentin mai yana ɗaukar 150 zuwa 200. Hasken rana yana kashe launi, kuma ba ya dawowa, don haka a sa labule a taga, a yi amfani da fitilar LED.

Tsakiyar kowane zane ta kasance kamar santimita 150 daga ƙasa, a rataye shi a ƙusa biyu, don ɗaya kan bar shi ya karkace.

Abin da ake yawan tsallakewa, wai don an san juna, shi ne rubutu. Kafin a karɓi aiki a ɗauki hotonsa gaba da baya, a rubuta duk tabon da ke jikinsa, mai aikin ya sa hannu. Idan za a sayar, a yanka kason mai aikin da na masu baje kolin tun kafin ranar buɗewa.